Hatsin Da Jam'iyya Ta Mayar Mana

Rannan da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, rediyo na kan taga, sai na ji an buɗe layi ana tambayar mutane wa ya kamata ya riƙa ciyar da jam'iyyun siyasa, gwamnati ce, ko attajirai, ko kuwa 'ya'yan jam'iyyar da kansu. Mutane suka yi ta bugowa. Wani ya ce gwamnati ta ba su daga baitulmali, wani ya ce in aka yi haka an ƙara wa ɓarayi ƙofa ne kawai. Da aka zo kan batun talaka ya ba jam'iyya daga aljihunsa, wani saurayi da ya ce daga Saminaka yake kira ya yi ta dariya har muryarsa na sarƙewa. Ya ce shi bai taɓa jin inda talaka ya ba ɗan siyasa ba, ai su ne za su ba mu, in sun kawo mu karɓa, tunda daga ranar zaɓe ba sake ganinsu za mu yi ba. Matar ɗana da ke wanke-wanke ta taya shi dariya. Ni kuwa hannuna ya tsaya a cikin waken. Ban ga laifin yaron ba, abin da ya tashi ya tarar ke nan. Amma ni na ga zamanin da talaka ke ciyar da jam'iyya, da kaina nake ɗaukar hatsinta in kai, kuma a gabana aka daina karɓa.

Ƙauyen da aka kai ni aure yana ta wajen Gayam, a bakin daji. Yau in an ambaci dajin Birnin Gwari gaban mutum faɗuwa yake yi, mu kuwa a lokacin daji ne rufin asirinmu. Da damina, tun raɓa ba ta bushe ba muke fita tsintar kaɗanya, zannuwa a jiƙe har gwiwa, muna jin zabin daji na kuka a cikin ciyawa, can nesa kuma makiyaya na kora shanu zuwa rafi. Mu dawo da ƙwarya fal, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, har man kaɗe ya taso fari a bakin tukunya. Da bazara kuma ɗorawa ce, a cire kalwa a yi daddawa, warinta ya kama unguwa baki ɗaya. Da yamma ba ka jin komai sai lugude daga kowane gida, in wannan turmi ya yi shiru wancan ya amsa. Matan Gwari kan biyo ta bayan gidanmu da itace a kafaɗa, su tsaya shan ruwa, mu yi ta tsokanar juna, Hausarsu a karkace, Gwarancinmu ya fi karkacewa. Da abin da mace ta samo a daji take sayen gishiri da sabulu, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ba tare da ta jira mai gida ba.

Uwar mijina, wadda kowa ke kira Iya, ita ta koya mini duk wannan. Gajeruwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ta zauna. Ba ta taɓa shiga aji ba. Takan ce ita ba ta san siyasa ba, abin da ta sani shi ne ɗan Adam na jin kunyar wanda ya ciyar da shi. A lokacin ina jin maganar kamar sauran maganganun tsofaffi, in ce to, in ci gaba da aikina.

Ina goyon ɗana na fari aka ce za a koma mulkin farar hula, kuma mu ma mata za mu jefa ƙuri'a. Mai gidana da yawancin manoman yankinmu suka shiga jam'iyya ɗaya, wadda babu mai mota ko ɗaya a cikinta ta wajenmu. Wanda suka tsayar takarar majalisar jiha malamin firamare ne daga ƙauyen da ke gaba da mu, siriri, mai tsohon keke, kowa na ce masa Ticha. Ba shi da komai sai albashinsa, albashin ma ba kullum yake zuwa ba. Sai maza suka yanke cewa kowane magidanci zai ba da dami a kaka. Da labari ya shigo cikin gida, Iya ta ce tunda an ce mata ma na da ƙuri'a, ai ba za su je hannu rabbana ba. Ta sa kowace mace, duk sanda ta auno hatsin tuwo, ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a wata tukunya daban. Tuwon ba ya raguwa har a gane, amma kafin kasuwa ta zagayo tukunya ta yi nauyi.

Ni aka ɗora wa tarawa, saboda ni ce mai ƙarfin ƙafa. Jajibirin kasuwa nakan bi gida-gida da masaki, goyo a baya, ana juye mini dawa da gero da masara duk a haɗe. Wata ta ƙara da curin daddawa, wata da ƙwai. Akwai wata Bafulatana da rugarsu ke bayan rafi, ita man shanu take kawowa a 'yar ƙwarya, ta ce a sayar a sa wa keken Ticha sabuwar taya, don ta ga yana tura shi a hanya. Wata tsohuwar Bagwariya kuma doya. Washegari in kai babban ƙauye, inda jam'iyya ke da rumfar zana da ɗan rumbu a bayanta. Da wannan hatsi aka buga hotunan Ticha, da shi aka yi hayar akori-kura aka kai wakilanmu Kaduna, da shi ake yi wa baƙi tuwo ranar taro. In ya zo ƙauyenmu a zaurenmu yake sauka, Iya ta aika masa da tuwon dawa da miyar kuka, ya cinye ya suɗe. Ranar da aka ce ya ci zaɓe, guɗar da muka yi har makiyaya suka zo tambayar ko haihuwa aka yi. Ba murnar wani ya samu muke yi ba, ji muke kamar gonarmu ce ta yi kyau.

Ba a daɗe ba aka gwada shi. Wani attajiri mai sayar da katako ya zo daga birni da takardar izini, yaransa suka shiga shafa jan fenti a jikin itatuwan maɗaci da na kawo, daidai gefen dajin da muke tsintar kaɗanya. Kowa ya san in waɗannan manyan itatuwa suka faɗi, kan kaɗanya da ɗorawa za su faɗa, kuma sai an share hanya kafin mota ta shiga. Iya ba ta je wurin kowa ba, aike ta yi a ce wa Ticha tana nemansa. Ya kuwa zo, ɗan majalisa guda, ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya zauna a tabarma kansa a sunkuye. Ina tsaye a bakin ɗaki na ji tana yi masa faɗa kamar yaron da ya bar akuya ta shiga gona. Ta ce masa hatsin da ya kai shi Kaduna daga bakin jikokinta aka rage, kuma kuɗin gishirin da aka yi miyar da ya sha daga wannan dajin ya fito. Bai ce komai ba sai to Iya, to Iya. Ban san ofisoshin da ya shiga ba, amma jan fentin nan ruwan sama ne ya wanke shi, ba a sare ko reshe ba.

Da zaɓe na biyu ya matso, sai abubuwa suka fara canjawa a hankali. Farko muka ji an rushe rumfar zana an yi ginin bulo da rufin kwano. Sai ga mota fara da lasifika a kanta tana zagaya ƙauyuka, yara na binta da gudu. Aka ce wani mai son jam'iyya ne ya bayar. Ba a jima ba muka san mai son jam'iyyar, shi ne dai mai katakon nan. Maza suka rabu biyu a zaure. Wasu suka ce ɗaya jam'iyyar na da motoci, mu ma in ba mu samu ba an bar mu a baya, kuma mutum ya kawo alheri ba a tambayarsa dalili. Wasu, har da mai gidana, suka ce ransu bai kwanta ba, amma ba su da abin da za su ajiye a madadin mota. Mu mata ba a tambaye mu ba, muka ci gaba da zuba cikin tafinmu a tukunya kamar yadda muka saba.

Farkon damina ne, lokacin da rumbuna suka fara ƙasa, na ɗauki masaki na nufi babban ƙauye. An yi ruwa, hanya duk taɓo, wuyana har ya ƙage kafin in isa. Na tarar da sabon ginin cike da mutane, buhunan gishiri da katan-katan na sabulu jibge a gefe, ga turamen atamfa masu hoton Ticha. Shugaban jam'iyya na yankinmu, dattijo ne da na saba durƙusawa in gaisar, shi ya taso da kansa ya tarye ni. Bai bari na sauke ba. Ya dafa bakin masakin yana murmushi.

"'Yata, koma da shi. Ki ce wa Iya an gode, Allah ya saka. Yanzu an hutar da ku, jam'iyya ta samu mai ɗauke mata nauyi."

Na ce, "Baba, ai na mata ne, sun riga sun fitar."

"Ku ba yara su ci. Daga yau ku za a riƙa ba."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har cewa ya yi a ɗora mini sabulu a kan hatsin, na ce kaina ba zai ɗauka ba. Na juyo. A hanya nauyin bai dame ni ba kamar kunyar da na rasa dalilinta, irin wadda mace ke ji in ta kai wa maƙwabta abinci aka dawo mata da kwano a rufe. Da na isa gida na sauke a gaban Iya na faɗa mata yadda muka yi. Ta daɗe tana kallon hatsin, ta sa hannu ta ɗebo ta sake shi yana zuba ta tsakanin yatsunta, sannan ta ce, "To, an sallame mu." Na bi gida-gida ina mayar wa kowace da abin da ya samu, tunda ya riga ya cakuɗe. Gaskiya yawancinsu murna suka yi. Lokacin yunwa ne, ga kuma labarin atamfa. Wata ma cewa ta yi ashe yanzu ne siyasar ta fara amfani. Ba zan zarge su ba, na san abin da ke cikin tukunyar kowace.

Ticha ya sake ci. Ruwa na ɗaukewa, ana cikin yankan dawa, muka fara jin wata ƙara daga daji wadda ba mu taɓa ji ba, kamar kukan dabbar da aka yanka ba ta mutu ba. Injin zarto ne. In ya yi shiru sai ka ji ƙasa ta girgiza, tsuntsaye su tashi gaba ɗaya. Iya ta aika a kira Ticha, aka ce yana Kaduna. Ta sake aikawa, aka ce ba ya jin daɗi. Sai ta ɗaura gyale ta ce in raka ta, muka tafi mu da wasu mata har cikin garin Birnin Gwari, inda ya gina gida mai ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya ce mu jira. Muka zauna a gindin katanga tun rana na tsaka har aka kira la'asar, farar motar nan mai lasifika na ajiye a gabanmu. Daga baya ya fito, ya yi ƙiba, cikin babbar riga. Ya durƙusa ya gaida Iya, ban hana shi wannan ba. Amma a tsakar gida ina hango mai katako zaune a kujera yana shan shayi.

Iya ta faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya ce, "Iya, wannan karon abin ya fi ƙarfina."

"Wancan karon bai fi ƙarfinka ba."

Ya waiga cikin gida, ya rage murya. "Wancan karon ku kaɗai nake jin kunya."

Ya sa hannu a aljihu zai ba mu na mota, Iya ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ba ta ko kalli hannun ba. A hanya ba ta zage shi ba, ba ta kuma yi kuka ba, abin da kawai ta ce shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Bayan ɗan lokaci soja suka karɓi mulki suka kori kowa, Ticha ya koma aji da allinsa, jam'iyyar ma aka rufe ta. Zarto kuwa bai tsaya ba. Ta hanyar da aka share wa motocin katako masu gawayi suka biyo, su kuma kaɗanya suka fi so. Kafin Iya ta rasu sai mun yi tafiyar da ƙafa ke ciwo kafin mu cika ƙwarya ɗaya.

Tun daga nan na ga zaɓuɓɓuka da yawa, kuma kowanne sai ya fi na baya tsada. Gishiri ya koma taliya da shinkafa, atamfa ta koma ambulan. Yanzu in an kira taron mata na jam'iyya, abin da ake fara tambaya shi ne akwai rabo ko babu. Na ji 'yan mata na wa juna nasiha cewa a karɓi na kowa a zaɓi wanda ake so, suna ganin wayo ne. Wataƙila wayon ne. Amma ba su taɓa tambayar inda mai rabon ya samo ba, da kuma abin da ya yi alkawarin biya da shi. Mutane na zagin 'yan siyasa dare da rana cewa ba sa jin kukansu, amma in ka ce musu to ku haɗa ku ciyar da naku, sai su dube ka kamar wadda tsufa ya taɓa wa kai. Masu cewa gwamnati ta ba jam'iyyu kuma, ni ban san yadda wanda ke kan kujera zai ciyar da mai neman ture shi ba. Ban iya warware wannan ba, na bar wa masu ilimi.

Mu dai daji ya kore mu. Shekarun da aka yi ana sace mutane a gona, ana sa wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi, su suka kwaso mu zuwa cikin gari. Mai gidana a nan unguwar Magajin Gari ya rasu, bai sake ganin gonarsa ba. Ban ce mai katako ne ya jawo mana wannan ba, abin ya fi haka tsawo da sarƙaƙiya. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, yau babban kuɗin da ke yawo a ƙasar nan daga ramukan zinare yake fitowa, kuma kowa ya san ba a shiga dajin nan a haƙa rami a fito lafiya sai da sanin wasu. An ce an samu sauƙi, hanya ta buɗe, kasuwa na ci, Allah ya ɗorar. Amma in mai katako ya sayi jam'iyya itatuwa muka rasa. Wanda zai saye ta yanzu, ban san me za mu rasa ba.

Autana, wanda nake zaune a gidansa, yana da ɗan shagon maganin feshi da taki. Yaro ne mai kirki, mutane na sonsa, shi ya yi ta kai-komo lokacin da 'yan gudun hijira suka cika makarantar unguwarmu. Kwanan baya samari suka matsa masa ya nemi kansila. Takardar tsayawa takara kaɗai ta fi jarin shagonsa, ga wakilan jam'iyya da sai an gan su, ga hotuna, ga man babura. Sai wani Alhaji mai sayen zinare ya ce ya ɗauke masa duka. Na kira shi ɗakina na tambaye shi me Alhajin zai karɓa. Ya ce bai nemi komai ba, don Allah ya yi. Na ba shi labarin Ticha daga farko har ƙarshe, ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Inna, na ji. To wa zai ba ni? In na fita unguwar nan na ce a taimaka mini, kafin in dawo an ce na zauce. Su ma jira suke in ba su." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Shekaranjiya facalata ta zo, matar ƙanin mai gidana, wadda ta koma ƙauye da 'ya'yanta tun da aka samu sauƙi. Ta rame, ƙafarta duk faso. Ta ce sun tarar an haƙa ramuka a gonar gado tun daga bakin rafi, ruwan ya koma ja, har wani maraƙin Fulani ya faɗa ɗaya ya karye. Masu haƙar sun ce su yaran wani Alhaji ne, su je su yi magana da shi in suna iyawa. Ta ji an ce ɗanmu ya shiga siyasa, shi ya sa ta zo, ko zai kai maganar gaba. Auta ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta zayyana masa komai, har da sunan Alhajin. Ina kallon fuskarsa lokacin da ta faɗi sunan, wanda ya ɗauke masa nauyin takara ne. Gonar kakansa ce, a cikinta aka binne cibiyar ubansa. Ya murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Gwaggo, bari in ji ta bakin Alhaji tukuna."

Ya ɗago muka haɗa ido, ya mayar da kansa ƙasa. Ko hotonsa ba a gama liƙawa a bango ba, zaɓen ma bai zo ba. Allah ka riƙa mini yaron nan, ni ƙarfina ya ƙare.